Kafin A Ce Madatsa Ƙarama Ce, A Ƙirga Masu Kwana A Gangarenta

Kwanakin baya na saurari wata tattaunawa a rediyo kan shirin tunkarar damina, inda aka tambayi wani jami'i halin da wata madatsar ruwa da aka yi da tarin ƙasa take ciki, irin waɗanda ake ginawa a karkara domin rage ambaliya. Amsar da ya bayar ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi madatsar ƙarama ce, ba ta cikin waɗanda ake fargaba a kansu, kuma tun da aka gina ta ba a taɓa jin wani abu ya same ta ba. Mai tambayar ya gamsu, aka shiga wani batun. Ba a tambaye shi yaushe rabon injiniya da wurin ba, ba a kuma tambaye shi gidaje nawa ne ke kan hanyar ruwan ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Girman haɗarin madatsa ana auna shi ne da yawan mutanen da ruwan zai tarar ranar da ta ɓalle, tsayinta da faɗinta suna zuwa ne daga baya. Saboda haka duk madatsar ƙasa da ke da ko gida ɗaya a gangarenta, wajibi ne a san sunan wanda alhakinta ke wuyansa, a riƙa duba ta a kan ƙa'ida, a kuma faɗa wa mazauna gangaren gaskiyar abin da ke tsaye a samansu. Wadda aka kasa yi wa waɗannan abubuwa, gara a rushe ta da gangan cikin rani, da a bar ta ta rushe da kanta cikin damina.

Kada a ɗauka ina adawa da irin waɗannan madatsu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙorama ke cika cikin sa'a guda ta share shuka, ta yanke hanya, ta tafi da gada, ya san amfanin abin da zai riƙe ruwan ya sassauta masa gudu. Madatsar ƙasa tana da sauƙin kuɗi, da kayan da ke wurin ake gina ta, kuma idan aka kula da ita tana iya yin aiki shekaru masu yawa. Amfanin nata ne ma ya sa sakaci da ita yake ba ni takaici.

Aikinta kamar na baho ne mai 'yar huda a gindi: a juye masa ruwa mai yawa a lokaci guda, shi kuma ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ana tara ƙasa a gicciye a bakin kwari, ana daɓe ta hawa-hawa, sau da yawa da yumɓu a tsakiya domin ya hana ruwa ratsawa. A gindin jingar akwai bututun da ke fitar da ruwa a hankali, a gefe ɗaya kuma akwai wata faffaɗar mafita da aka yi ƙasa da saman jingar, domin idan ruwa ya fi ƙarfin bututun, rarar ta bi ta nan ta wuce, kada ta hau kan jingar.

Matsalar madatsar tare ambaliya ita ce ba ta kawo kuɗi. Wadda ke ba da wutar lantarki ko ruwan famfo tana da ma'aikata a kanta kullum, domin idan ta tsaya a ranar za a sani. Wannan kuwa yawancin shekara a bushe take ko da ɗan ruwa a gindi, kuma idan ta yi aikinta daidai babu abin da ke faruwa, don haka babu mai tunawa da ita. Sau ɗaya a shekaru da dama ake gwada ta da gaske, kuma gwajin yakan zo ne a ranar da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, hanyoyi sun yanke, babu mai iya zuwa ya taimaka.

"Ai ƙarama ce"

Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana manyan madatsu, wadda ake kira ICOLD a taƙaice, tana sanya madatsa cikin manya idan tsayinta ya kai mita 15, ko kuwa yana tsakanin mita 5 da 15 amma ruwan da take riƙewa ya haura kubik mita miliyan 3. Wannan ma'auni na rajista ne da kwatance a tsakanin injiniyoyi. Babu inda ya ce abin da ya gaza haka ba ya kisa. Amma a aikace, da zarar madatsa ta faɗi ƙasa da layin, sai ta fice daga idon hukuma a ƙasashe da yawa, wani lokacin ma ba a san adadin irinta ba.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Kubik mita ɗaya na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne. Tafkin da faɗinsa ya kai hekta 5, zurfinsa a tsakaice mita 2, yana ɗauke da kubik mita 100,000, wato tan 100,000 na ruwa jingine da tarin ƙasa. Idan zurfin ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake tura jingar da shi sau huɗu yake ninkawa. Ruwa mai gudu kuwa, ko zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 yana iya tafiya da mota.

Da tsakar daren wayewar 6 ga Nuwamba, 1977, madatsar Kelly Barnes da ke jihar Jojiya a Amurka ta ɓalle bayan kwanaki ana ruwa. Tsayinta kimanin mita 12 ne kawai. Ruwan ya sauka a kan gidajen wata kwaleji da ke gangare mutane suna barci, ya kashe 39, da dama daga cikinsu yara. Bayan wannan ne Shugaba Jimmy Carter ya sa injiniyoyin sojan ƙasar suka duba madatsu kusan 9,000 waɗanda akwai jama'a a gangarensu, aka tarar kusan ɗaya cikin uku ba su da aminci.

A ranar 14 ga Maris, 2006, madatsar Ka Loko a tsibirin Kauai na jihar Hawai a Amurka ta fashe ta kashe mutum 7. A takarda tana cikin rukunin masu ƙaramin haɗari, kuma bincike ya nuna cewa an cike mafitar rararta da ƙasa, hukuma kuwa ba ta duba ta ba. A daren 9 ga Mayu, 2018, wata madatsar ƙasa a cikin wata gona mai zaman kanta a Solai, yankin Nakuru na Kenya, ta ɓalle ta hallaka fiye da mutum 40. Gaskiya ne ba domin tare ambaliya aka gina waɗannan ukun ba, amma jingar ƙasa iri ɗaya ce, kuma yadda ruwa ke cin ta iri ɗaya ne. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai ma wani haɗari da ƙarama ta fi babba. Gidajen da ke gangaren ƙaramar madatsa galibi kusa suke da ita, wani lokacin tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Babu na'urar auna ruwa, babu mai gadi da dare, babu jiniya. Tsakanin ɓallewa da isowar ruwa ƙofar gida, lokacin da ake da shi ba ya isa a tashi yara daga barci.

Abin da ke kayar da jingar ƙasa

Hanya ta farko ita ce ruwa ya hau kanta. Madatsar kankare tana iya jure ruwa ya bi ta samanta na wani lokaci, ta ƙasa ba ta iyawa. Da zarar ruwa ya tsallake ya fara gangarowa ta baya, sai ya sami inda ya fi laushi ya fara yanka, yankan ya riƙa komawa baya yana faɗaɗa, har ya isa tafkin. Daga nan abin da ya rage mintuna ne ko 'yan sa'o'i. Ƙididdigar jami'an lafiyar madatsu a Amurka ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka rushe a can ta wannan hanya ne, kuma abin da ke jawo shi sananne ne: mafitar rara ta yi kaɗan, ko ta toshe da itace da shara, ko saman jingar ya lotsa a wani wuri.

Hanya ta biyu ta fi ban tsoro domin a ɓoye take. Kowace jingar ƙasa tana tsattsafar da ruwa kaɗan, wannan ba laifi ba ne muddin ruwan garau yake fitowa kuma yawansa bai canja ba. Amma idan ya fara fitowa da laka, to ƙasar cikin jingar yake kwasowa, yana haƙa wa kansa hanya daga baya zuwa gaba. Ya fi son bin jikin bututun da ya ratsa gindi, domin a nan ne daɓe ke da wuyar kamawa. Madatsar Teton a jihar Idaho, mai tsayin mita 93, sabuwa ce fil ana cika ta karo na farko a ranar 5 ga Yuni, 1976. Da safe aka ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa, kafin rana ta take tsaka ta rushe, mutum 11 suka mutu. Idan wadda ke da injiniyoyi da katafila a kanta ta tafi cikin rabin yini, me ake tsammani daga wadda babu kowa a wurin?

Sauran abubuwan da ke raunana jinga kowa yana iya ganinsu da idonsa. Bishiya ta tsiro a jikinta, saiwarta ta kutsa ciki, ranar da iska ta tumɓuke ta ko ta mutu saiwar ta ruɓe, an sami hanyar ruwa. Gara ta yi gida, ɓeraye da sauran dabbobi masu haƙa sun yi ramuka. Garken shanu yana bin wuri ɗaya kullum zuwa shan ruwa har ciyawa ta mutu, turbar ta zama kwararo. Wani ya zo gindin jingar ya ɗebi ƙasa domin gini. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya kayar da madatsa a rana ɗaya, amma kowanne yana rage mata ƙarfin da za ta buƙata a daren gwaji.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa ruwan sama ne ya yi yawa, babu yadda za a yi. Saukar ruwa ba a hannunmu yake ba, wannan haka yake. Amma mafitar da ta toshe, da bishiyar da ta shekara ashirin a kan jinga, da bututun da tsatsa ta cinye, duk aikin hannun mutum ne ko sakacinsa, kuma bai dace a jingina su ga ƙaddara domin a kauce wa tambaya ba.

"Shekara arba'in tana nan, ba ta yi komai ba"

Wannan hujja ta fi kowace shiga zuciya, kuma ta fi kowace rauni. Madatsar da ta shekara arba'in ba ita ce wadda aka ƙaddamar ba. Kowace damina ruwa yana kawo laka da rairayi ya zube a bayanta, wurin da aka tanada domin laka ya cika, sannan lakar ta fara cin wurin da aka tanada domin ruwan ambaliya. Ruwan saman da ta riƙe cikin sauƙi a shekarunta na farko, yau yana iya kai ta baki. Idan bututunta na ƙarfe ne, tsatsa tana aiki a inda ido ba ya gani. Idan kuma an sare dazuzzukan da ke sama da ita, ko an yi gine-gine da tituna, ruwa yana iso ta da yawa kuma da sauri fiye da yadda aka lissafa.

Sannan akwai rashin fahimtar abin da injiniyoyi ke kira ambaliyar shekara ɗari. Mutane suna ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni, alhali ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo. Idan aka tara wannan a tsawon shekara 50, yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya ta kusa kashi 40 cikin 100. Shekarun da aka yi lafiya suna iya nufin cewa ruwan da zai gwada ta bai zo ba tukuna. Ga shi kuma iska tana ƙara ɗaukar danshi da kimanin kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, wanda ke sa lissafin ruwan sama na shekarun baya ya kasa zama abin dogaro shi kaɗai.

Ƙasar da ta fi fito da wannan darasi fili ita ce Amurka. A ƙarƙashin dokokin 1944 da 1954, gwamnatin tarayya ta taimaka aka gina ƙananan madatsun tare ambaliya kusan 12,000 a jihohi 47. Ta farko an yi ta a Cloud Creek da ke Oklahoma a 1948, kuma jihar kaɗai tana da 2,107. Tsarin shi ne gwamnati ta gina, hukumomin yankin su karɓi kulawa, kuma yawancinsu a kan shekara 50 aka tsara su. Da wa'adin ya ƙarato sai da majalisa ta yi sabuwar doka a 2000 domin a sami kuɗin sabunta su. Wannan ƙasa ce mai dukiya, mai rajistar madatsunta, amma tsufan madatsun ya zame mata nauyi. Inda babu rajista, nauyin yana nan, illa dai ba a auna shi ba.

Abin da ya fi damun injiniyoyin can shi ne sauyin da ke faruwa a gangare. Madatsu da yawa an gina su ne lokacin da gonaki da makiyaya kawai ke ƙasansu, aka sanya su a rukunin ƙaramin haɗari, aka yi musu mafitar rara daidai da wannan rukuni. Da ambaliya ta ragu, sai filin ya yi kyau a ido, aka yanka filaye, aka gina gidaje da makaranta. Madatsar ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, amma yanzu rayuka ne a gangarenta, kuma takardarta tana nan da tsohon rukuni. Nasarar madatsar ce da kanta ke janyo mutane zuwa inda zai fi muni idan ta gaza.

Birnin Derna na Libiya ya ga ƙarshen wannan hanya a Satumbar 2023. Madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 domin kare shi daga ambaliya sun ɓalle a dare ɗaya lokacin guguwar Daniel, dubban mutane suka mutu. An daɗe da sanin akwai tsagewa a jikinsu, kuma wani masani ɗan ƙasar ya yi gargaɗi a rubuce a 2022. Manya ne, ba irin waɗanda nake magana a kai ba, amma abin da ya faru ɗaya ne: abin kariya da aka daina kulawa da shi ya tara ruwan da ƙorama za ta kawo a hankali, ya sake shi gaba ɗaya.

Ruwan rani

Akwai wata ja-in-ja da nake ganin tana da nauyi, kuma ba na raina masu yin ta. Manomi ko makiyayi yana kallon ruwa yana zurarewa ta bututu a ƙarshen damina, ya san wahalar da ke jiransa da rani, sai ya ga asara ce a bar shi ya tafi. Daga nan sai a toshe bakin bututun, ko a jera buhunan ƙasa a mafitar rara domin tafkin ya ƙara hawa. Buƙatarsa ta gaskiya ce.

Sai dai madatsar tare ambaliya da wurin da ta bari fanko take aiki. Duk taku ɗaya da aka ƙara wa tafkin, an rage shi ne daga wurin da ruwan sama mai zuwa zai zauna. A 1889 madatsar South Fork ta rushe a kan garin Johnstown na Amurka ta kashe mutum 2,209, kuma cikin abubuwan da aka yi mata kafin nan har da rage tsayin samanta domin karusai su wuce, da sanya raga a mafitar rara domin kada kifi ya fita. Kowanne a lokacinsa ƙaramin gyara ne mai dalili. Idan al'umma tana buƙatar ruwan rani, a kira injiniya ya sake lissafi, a yashe laka, a faɗaɗa mafitar, ko a haƙa wani tafki daban. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a mayar da ita ma'ajiyar ruwa a ɓoye, a ci gaba da kiran ta kariya.

"Babu kuɗi, babu isassun injiniyoyi"

Na yarda babu ƙasar da za ta iya ajiye injiniya a kan kowace ƙaramar madatsa. Amma wannan dalili ne na a tsara aiki, ba na a bar shi ba. Matakin farko ba ya buƙatar kankare ko kwangila: a rubuta kowace madatsa, inda take, wanda ya gina ta, wanda ke da ita, da adadin gidajen da ke hanyar ruwanta. Da wannan jerin za a ga cewa wasu babu kowa a gangarensu, suna iya jira, wasu kuwa ƙauye guda ne a ƙasansu, su za a fara kai wa ɗan kuɗin da ake da shi.

Mafi yawan kulawar yau da kullum kuma ba aikin injiniya ba ce. Mutum ɗaya daga cikin mazauna wurin, idan aka horar da shi aka kuma biya shi, zai iya bin jingar da ƙafa kafin damina da bayan kowane babban ruwa. Zai share bakin bututu da mafitar rara, ya cire ƙananan itatuwa tun ba su yi saiwa ba, ya rage tsawon ciyawa domin a ga jikin ƙasar. Zai lura da tsagewa, da lotsawa, da wurin da ya yi kore shar a bayan jinga alhali kewayensa a bushe yake, da ruwan da ke juyawa a wuri ɗaya a cikin tafki. Abin da ake buƙata daga hukuma shi ne lambar wayar da idan ya kira za a ɗauka, da injiniyan da zai zo a kan lokacin da aka tsayar. Babbar bishiya dai kada ya taɓa ta shi kaɗai, domin sare ta a bar kututturen yana iya zama mafi muni, sai an tono saiwar an cike ramin an daɓe.

Birtaniya ta koyi wannan da tsada. A Nuwambar 1925 ɓallewar madatsu a Dolgarrog da ke Wales ta kashe mutum 16, aka yi doka a 1930, aka sabunta ta a 1975. Dokar ta ɗora wa mai tafkin da ya haura kubik mita 25,000 wajibcin samun injiniya mai sa ido, da cikakken bincike aƙalla sau ɗaya a shekara 10. A lura, wannan adadi rubu'in tafkin da muka yi lissafi da shi ne a sama. Tun daga 1925 ba a sake rasa rai a ƙasar ba sakamakon ɓallewar madatsa. Abin koyi a dokar shi ne ta kama suna: ga mai tafki, ga injiniya, ga ranar da za a dawo.

Rashin wannan suna shi ne ciwon da ya fi yawa. Wata hukuma ko ƙungiyar agaji ta gina, an yi bikin buɗewa, an ce an miƙa wa al'umma. Al'umma ba a ba ta zane ba, ba a ba ta horo ba, ba a ware mata ko sisi na gyara ba. Bayan shekaru, wanda ya gina ya ce ya miƙa, wanda aka miƙa wa ya ce shi bai san ya karɓa ba. A ganina duk wanda zai gina madatsa, kafin katafila ta fara aiki, ya kamata doka ta tilasta masa ya nuna a rubuce wanda zai kula da ita da inda kuɗin kulawar zai riƙa fitowa.

"Za ku tayar wa jama'a da hankali"

Wasu jami'ai suna gudun faɗar gaskiya domin kada a firgita mutane, ko kada darajar filaye ta faɗi. Ban ga adalci a nan ba. Mutumin da ke kwana da iyalinsa a hanyar ruwa ya fi kowa haƙƙin sanin haka, kuma wanda zai sayi fili a wurin yana da haƙƙin sani kafin ya biya. Firgici na gaske shi ne na wanda ruwa ya tasa daga barci bai san ta ina zai bi ba.

Shirin gaggawa na ƙaramar madatsa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba. A sa alama a jikin wani ginshiƙi, idan ruwa ya kai nan a fara shiri, idan ya kai can a tashi. A san wanda zai yanke hukuncin tashi, da yadda za a sanar da kowa idan babu wuta kuma waya ba ta shiga, da tudun da za a nufa, da hanyar da ba ta ratsa ƙorama ba, da waɗanda za su ɗauki tsofaffi da marasa lafiya. A kuma gwada shi da rana tsaka lokacin rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A Agustan 2019, da mafitar rarar madatsar Toddbrook ta lalace a Ingila, an kwashe kimanin mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge, aka zuƙe ruwan da injuna, ba a rasa kowa ba. Doka ba ta hana mafitar lalacewa ba, amma an ga ɓarnar da wuri, kuma an san wanda za a kira.

Wata rana za a tashi mutane cikin ruwa da duhu, madatsar kuma ta ƙi ɓallewa, su dawo suna ƙorafi. Wanda ya ba da umarnin tashi a irin wannan dare ya cancanci a tsaya masa, domin idan aka kunyata shi sau ɗaya, a karo na gaba zai yi jinkiri.

Wadda ta gama aikinta

Akwai madatsun da laka ta cike su har babu sauran wurin riƙe ruwa, ko gyaransu ya fi ƙarfin kowa, ko an nemi mai su an rasa. Irin waɗannan ba sa kare kowa, haɗarin kawai suka rage da shi. Cire madatsa aiki ne na injiniya kamar gina ta: a sauke ruwan a hankali, a yanka jingar da faɗi har zuwa gindin ƙorama, a daidaita lakar da ta taru a shuka mata ciyawa domin kada ta kwarara gangare a damina ɗaya. Dole kuma a faɗa wa mazauna gangare cewa ƙoramar za ta koma halinta na da, a taimaka wa waɗanda gidajensu ke bakin ruwa su matsa, domin ba laifinsu ba ne da aka bar su suka yi gini a wurin.

Hukumar da ta ce a bana ba ta da kuɗin gyara kuma ba ta da kuɗin cirewa, har yanzu akwai abin da ya rage a wuyanta kafin ruwan farko ya sauka. Ta buɗe bututun ta bar tafkin a ƙasa, ta share mafitar rara, ta dakatar da ba da izinin sabon gini a hanyar ruwan, sannan ta aika wakilinta ya tsaya a gaban mutanen gangare ya faɗa musu cewa madatsar da ke samansu ba a tabbatar da lafiyarta ba.